Tambaya kan ƙungiyar The Tallis Scholars: wane ne jagora, su wane ne 'yan amshi?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta kwana biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fata a samu wanda ya san abin ya warware mini ita. Kwanakin baya da daddare, bayan an ɗauke wuta, ina kwance ina laluben abin da zan saurara a waya, sai na ci karo da wata waƙa ta wata ƙungiyar mawaƙa ta ƙasar Ingila mai suna The Tallis Scholars. Babu ganga, babu molo, babu ko tafi, muryoyin mutane ne zalla, maza da mata, suna rerawa da harshen Latin. Na daɗe ina gardama da kaina cewa lallai akwai wani abin busa a ƙarƙashin muryoyin, sai da na nemo bidiyonsu na ga mutum goma ne tsaye cikin baƙaƙen kaya, kowa da takarda a hannu, da wani dattijo a gabansu yana motsa hannu a hankali.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mu mun tashi ne da waƙar da jagora ke bayarwa 'yan amshi su karɓa, saboda haka kunnena ya yi ta neman jagora bai same shi ba. Duk muryar da na kama na ce ita ce gaba, kafin in ankara ta nutse, wata ta taso daga ƙarƙashinta. Yaya ake sauraron irin wannan waƙa? Su wane ne waɗannan mutane da suka sadaukar da rayuwarsu ga waƙoƙin da aka tsara shekara 500 da suka wuce? Sannan abin da nake ji a wayata, shi ne ainihin abin da mutanen wancan zamani suka ji a majami'unsu?

Baba Mai Kwaya ya amsa:

Salama gare ka, Malam Ɗan Birni. Na yi shekaru ina koyar da ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Jos, don haka zan ɗauki tambayarka ta farko, in bar sauran ga waɗanda suka fi ni sanin tarihi.

Kunnenka bai yaudare ka ba, domin babu jagora a wannan waƙa, kuma da gangan aka tsara ta haka. A waƙoƙin da mu ke rerawa ranar Lahadi, sofrano, wato murya mafi sama, ce ke ɗauke da karin waƙar, alto da teno da bes kuma, wato muryoyin da ke ƙarƙashinta bi da bi, suna tallafa mata, kowa ya furta kalma ɗaya a lokaci ɗaya. Mawaƙan Turai na ƙarni na 15 da na 16 sun bi wata hanya dabam, wadda ni nake kira saƙar muryoyi, domin ta fi kama da aikin masaƙi. Murya ɗaya za ta fara da wani ɗan guntun kari, kafin ta kai ƙarshensa sai ta biyu ta shigo da wannan guntun daga wani mataki na sama ko na ƙasa, sannan ta uku, sannan ta huɗu, alhali ta farkon ta riga ta yi gaba da wani sabon zance. Kowace murya tana da hanyarta, tana da inda take numfasawa, kuma babu wadda aka halitta don ta yi wa wata hidima.

Shawarata ita ce ka daina neman mutum, ka koma neman guntun karin. Akwai wani aiki na mai tsara waƙa Josquin des Prez, wanda ya rasu a 1521, mai suna Missa La sol fa re mi, kuma wannan ƙungiyar ta naɗe shi a faifai. Sunansa kaɗai ya tona asirinsa, domin sautuka biyar ne, la, so, fa, re, mi, waɗanda duk yaron da ya taɓa zama a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, ya san su. Ka rera su da bakinka sau uku ko huɗu har su zauna, sannan ka kunna waƙar. Za ka ji su a teno a shimfiɗe, ka ji su a sofrano da sauri, ka ji su sun ɓuya a tsakiya sun sake ɓullowa, tun daga farkon aikin har ƙarshensa. Da zarar kunnenka ya iya farautar waɗannan sautuka biyar, sauran ayyukan za su fara buɗe maka ƙofa.

Game da abin busan da ka ɗauka kana ji, wannan ma yana da dalili. Mawaƙan nan ba sa karkaɗa murya yadda mawaƙan wasan opera ke yi, suna riƙe sauti a miƙe kamar zaren da aka ja. Idan muryoyi da yawa suka tsaya cak a kan sautukan da suka dace da juna, ba tare da wani ya ɗan hau ko ya ɗan sauka ba, sai su haifar da wani amo a cikin ɗakin wanda ba daga bakin mutum ɗaya ya fito ba. Na taɓa samun haka da mawaƙana, amma na daƙiƙa biyu ko uku kawai, kuma duk muka kalli juna.

Uwar Biyu ta amsa:

Barkanku da war haka. Na gode wa Baba da wannan bayani, ni kuma bari in taɓa tarihin ƙungiyar, tun da na zauna a Ingila lokacin karatu, kuma a can ne na fara jin ta.

Dattijon da Malam Ɗan Birni ya gani yana motsa hannu shi ne Peter Phillips, wanda ya kafa ƙungiyar a 1973 yana ɗalibi a jami'ar Oksfod, yana da shekara 20 a duniya. Sun yi wasansu na farko a watan Nuwamba na wannan shekara a majami'ar St Mary Magdalen da ke cikin garin, kuma a 2023 suka cika shekara 50 har yanzu yana gabansu. Sun ɗauki sunansu daga mai tsara waƙa Thomas Tallis, wanda ya rasu a 1585, mutumin da ya yi wa sarakunan Ingila huɗu hidima, wato Henry na 8, Edward na 6, Mary ta 1 da Elizabeth ta 1. Duk wanda ya san tarihin ƙasar ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a cikin waɗannan shekaru ƙasar ta rabu da Fafaroma, ta koma gare shi, ta sake rabuwa da shi, kuma kowane juyi yana zuwa da dokarsa kan harshen ibada da irin waƙar da aka yarda a rera. Tallis yana aiki a gidan ibada na Waltham lokacin da aka rufe shi a 1540. Ya rubuta dogayen waƙoƙin Latin masu sarƙaƙiya sa'ad da ake son su, ya rubuta gajeru da Turanci masu sauƙin fahimta sa'ad da aka buƙaci haka, ya kuma mutu a kan gadonsa yana tsoho. A 1575 Sarauniya Elizabeth ta ba shi, shi da wani mai tsara waƙa William Byrd, izinin buga takardun waƙa su kaɗai na tsawon shekara 21.

Abin da ya ɗaga sunan ƙungiyar shi ne faifai. A 1980 Phillips da abokinsa Steve Smith suka kafa kamfanin Gimell don naɗar ayyukan ƙungiyar kawai, abin da ya ba su damar zaɓen abin da za su rera ba tare da wani ɗan kasuwa ya ce musu wannan ba zai sayu ba. Sunan Gimell ma daga cikin sana'ar ya fito, domin tsoffin mawaƙan Ingila suna amfani da kalmar idan aka raba murya ɗaya gida biyu na ɗan lokaci, kuma asalinta a Latin yana nufin tagwaye. A 1987 faifan da Baba ya ambata, wanda ya haɗa Missa La sol fa re mi da Missa Pange lingua, ya ci kyautar faifan shekara ta mujallar Gramophone, ya doke manyan makaɗan zamani masu tarin kayan kiɗa. Daga nan suka ci gaba da naɗar dukkan waƙoƙin Mas, wato babbar ibadar Katolika, da Josquin ya tsara, aikin da bai kammala ba sai a 2020. A 1994 sun rera waƙa a majami'ar Santa Maria Maggiore da ke Rum don cikar Palestrina, mai tsara waƙa ɗan Italiya, shekara 400 da rasuwa, sannan a ɗakin ibadar Fafaroma na Sistine don bikin kammala gyaran zanen Michelangelo.

Na taɓa zuwa sauraronsu a wata tsohuwar majami'a, cikin sanyin da ya sa ban cire rigar sanyina ba har aka tashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ba su da lasifika ko ɗaya, amma muryar ta cika ginin har inda nake zaune can baya kusa da ƙofa. Mutum biyu ne ke riƙe kowace murya, kuma na lura cewa idan layin waƙa ya yi tsawo, ɗaya zai saci numfashi yayin da ɗayan ke riƙe da sautin, sannan su yi musaya, ta yadda mai sauraro ba zai taɓa jin inda zaren ya yanke ba. Idan suka rufe baki a ƙarshen waƙa, sautin yakan ci gaba da yawo a saman ginin na wasu daƙiƙu, kuma babu wanda ke tafi sai ya mutu murus. Wannan amsa-kuwwa ce ta sa suke naɗar faifansu a wurare irin ɗakin ibada na kwalejin Merton da ke Oksfod da majami'ar ƙauyen Salle a yankin Norfolk, maimakon ɗakin naɗar sauti da aka toshe bangonsa.

Idan Malam yana son jin iyakar inda wannan fasaha ta kai, ya nemi Spem in alium na Tallis, wanda aka tsara wa muryoyi 40 mabambanta, rukuni takwas kowanne da murya biyar. Murya ɗaya ce ke farawa, waƙar ta bi rukunan ɗaya bayan ɗaya, sannan duka arba'in ɗin su faɗo tare. Ƙungiyar ta naɗe shi a 1985, kuma dole ta gayyato ƙarin mawaƙa.

Mai Bin Diddigi ya amsa:

Ina gaishe da Baba da Malama. Ban ƙi ko ɗaya daga cikin abin da suka faɗa ba, amma tambaya ta uku ita ce mafi nauyi, kuma amsarta ita ce a'a. Abin da Malam Ɗan Birni ke ji a wayarsa sauti ne da aka ƙera a Ingila a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, aka sa wa tsoffin takardu shi. Yana da kyau matuƙa, amma kyau dabam, asali dabam.

Mu fara da matan da ke rera muryoyin sama. A manyan majami'un wancan zamani mata ba sa cikin ƙungiyar mawaƙa. A Ingila yara maza ne ke riƙe muryar sama, a ɗakin ibadar Fafaroma kuwa manyan maza ne masu siranta murya, daga baya kuma aka shigo da waɗanda aka yi wa dandaƙa tun suna yara don kada muryarsu ta fashe. Ƙwararriyar mawaƙiya mai shekara 30 tana da iko da numfashinta da daidaiton sautinta wanda yaro ɗan shekara 11 ba shi da shi, saboda haka santsin da muke ji a faifai wataƙila ko Tallis kansa bai taɓa jin irinsa ba.

Sannan takardun da kansu ba su faɗi komai da komai ba. Ba a rubuta saurin waƙa ba, ba a rubuta inda za a ɗaga murya ko a sassauta ta ba, babu layukan da ke yanka waƙa gida-gida kamar yadda muke gani a yau, kuma akwai wuraren da ake sa ran mawaƙi ya ɗaga sauti ko ya sauke shi da rabin taki daga iliminsa, ba tare da an rubuta masa ba. Mawaƙin wancan lokaci ba ya ganin abin da ɗan'uwansa ke rerawa a jere da nasa. Ko dai kowa ya riƙe ɗan littafin muryarsa shi kaɗai, ko kuma duka su kewaye wani ƙaton littafi guda da aka ɗora a kan maɗori, kowace murya an rubuta ta a kusurwarta. Matsalar ƙananan littattafan ita ce idan ɗaya ya ɓata, waƙar ta zama gurguwa. Tarin da ake kira na Baldwin, wanda ke ajiye a Oksfod, ya rasa littafin teno, haka ma tarin Peterhouse da ke Kambirij, kuma masana na zamaninmu ne suke zama su ƙirƙiro muryar da ta ɓata bisa ga abin da sauran muryoyin suka nuna. Hatta tsayin sautin akwai gardama a kansa. David Wulstan, wanda ya kafa ƙungiyar Clerkes of Oxenford a 1961, ya dage cewa waƙoƙin Ingila na lokacin ana rera su sama da yadda suke a rubuce, kuma wannan ra'ayi ya yi tasiri a kan Phillips da mawaƙansa, shi ya sa sofrano ɗinsu ke tashi can sama kamar za ta taɓa rufi. Masana da yawa a yau ba su yarda da hujjar Wulstan ba.

Misalin da ya fi ba ni dariya shi ne waƙar Miserere ta mai tsara waƙa ɗan Italiya Gregorio Allegri, wanda ƙungiyar ta naɗa a 1980, kuma ta dalilinsa mutane da yawa suka san ta. Da farko dai an tsara shi ne a wajejen shekarun 1630, wato bayan zamanin da muke magana a kai, ko da yake a kan tsohon salo aka gina shi. Na biyu kuma, wurin nan da sofrano ke haurawa zuwa sauti mafi tsayi, wanda kowa ke jira tsigar jikinsa ta tashi, Allegri bai rubuta shi ba. Kuskure ne ya haife shi a ƙarni na 19, lokacin da aka ɗauki wani yanki da aka kwafa a wani tsayin sauti dabam aka liƙa shi inda bai dace ba, aka buga shi haka a wani ƙamus na kiɗa a Ingila a 1880, sannan wani bugun takardar waƙar na 1951 ya yaɗa shi ko'ina. Yau idan ƙungiya ta rera waƙar ba tare da wannan kuskure ba, masu sauraro za su ji kamar an cuce su kuɗin tikiti.

Wanda yake son kwatantawa ya saurari Cappella Pratensis ta ƙasar Holan, waɗanda ke tsayawa a kewaye da littafi guda suna karanta tsohon rubutu, ko Hilliard Ensemble, waɗanda suka yi aiki daga 1974 zuwa 2014, akasari da muryoyin maza huɗu. Zai ji Josquin guda ya fito da fuska daban-daban.

Uwar Biyu ta sake amsawa:

Malam Mai Bin Diddigi ya faɗi gaskiya, sai dai a yi wa ƙungiyar adalci, domin a iya sauraron da na yi musu, abin da suke nema shi ne kowace murya ta fito fili a ji ta, kuma wannan buri ne da mutanen ƙarni na 16 ma suka damu da shi. A taron malaman Katolika na Trent, wanda ya gudana daga 1545 zuwa 1563, an yi ta ƙorafin cewa saƙar muryoyi na haɗiye kalmomin ibada har mai sauraro ya kasa gane abin da ake faɗa. Labarin da ake bayarwa cewa Palestrina ya ceci wannan fasaha da aikinsa Missa Papae Marcelli, wanda aka buga a 1567, masana sun ɗauke shi a matsayin almara, amma duk wanda ya saurari aikin zai ji yadda muryoyi shida ke haɗuwa su furta kalma tare a sassan da ke da yawan kalmomi, sannan su warwatsu a sassan da kalmomin ba su da yawa. Ƙungiya mai tsabtar sauti ce ke iya nuna wannan dabara.

Ɗan Birni ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na bi shawarar Baba, na rera sautukan nan biyar har maiɗakina ta leƙo tana tambayar ko lafiya, sannan na kunna waƙar da abin sauraro a kunne. A sashen farko na kama su sau da yawa, amma da waƙar ta yi nisa sai suka riƙa kuɓuce mini, musamman idan teno ya ja su a hankali sosai. Bayanin Malam Mai Bin Diddigi kuma ya ɗan sanyaya mini jiki, domin wurin da ya ce kuskure ne, shi ne na fi maimaitawa. Baba, ko mawaƙanka sun taɓa gwada irin wannan waƙa? Ina so in san ko abu ne da sai ƙwararru, ko kuwa talaka ma zai iya taɓawa.

Baba Mai Kwaya ya amsa:

Mun taɓa gwadawa, Malam, kuma ba zan ɓoye maka yadda ta kaya ba. Na zaɓi wata gajeriyar waƙar Tallis ta Turanci mai suna If ye love me, wadda aka ɗauko kalmominta daga Bisharar Yohanna sura 14, domin murya huɗu ce kawai kuma ba ta wuce minti biyu da 'yan kai ba. Na zauna dare biyu ina juya ta zuwa do-re-mi, na rubuta a allo. Layin farko bai ba mu wahala ba, tun da duk muryoyin suna tafiya tare kamar yadda muka saba. Inda aka fara shiga ɗaya bayan ɗaya, nan ne aka yi ta ta ƙare. 'Yan alto suna jin sofrano ta yi gaba sai su bi ta a guje, domin shekara da shekaru sun saba ita ce uwa, 'yan bes kuma sai su tsaya suna jiran kowa ya iso kafin su buɗe baki. Wata dattijuwa a cikinmu ta ajiye takardarta ta ce ita ba za ta rera waƙar da kowa ke katse maganar ɗan'uwansa ba.

Dabarar da ta fisshe mu ita ce na raba su kusurwa huɗu na majami'ar, kowane rukuni ya koyi layinsa shi kaɗai har ya iya rera shi kamar waƙa mai zaman kanta, na kuma hana su buga ƙafa, na ce su ƙirga a zuci. Sai da muka yi mako shida kafin na dawo da su wuri ɗaya. Rufin majami'armu na kwano ne, ba ya riƙe sauti ko na daƙiƙa ɗaya, saboda haka duk wanda ya saci numfashi a wurin da bai dace ba sai a ji ramin a fili, kuma dole na ƙara saurin waƙar fiye da yadda ake ji a faifai. Mun rera ta sau ɗaya a sujadar yamma, 'yan teno suka makara da shiga a maimaici na biyu, amma muka haɗu a sautin ƙarshe. Dattijuwar nan ita ce ta zo bayan an tashi tana tambaya ko akwai wata irinta mai murya biyar.

Game da teno da ke kuɓuce maka, ka rage ƙarar wayar kaɗan, ka sa hankalinka a kan muryar da ta fi kowace jinkiri, ka riƙa bin ta da yatsa a kan gwiwarka, sauti ɗaya taɓawa ɗaya. Idan ka ƙirga biyar ka ji guntun karin ya sake farawa, to ka kama shi ke nan.